Hanya ce ke cinye makin Katsina United, ko kuwa mafaka muke nema?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganata, mai musu ya musa: abin da ya fi cin Katsina United a gasar Firimiyar Najeriya hanya ce, kafin a zo kan koci ko 'yan wasa. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowacce wasa 38, kuma 19 daga ciki a waje ne. Mu ne a can ƙuryar arewa, da ka wuce Jibiya sai Nijar. Daga nan zuwa Aba ko Fatakwal ya haura kilomita 1,000, kuma yawancin ƙungiyoyin ƙasar nan a mota suke yin wannan tafiya. Yaro ya wuni ya kwana a zaune ƙafa a lanƙwashe, washegari a ce ya yi gudun minti 90 da wanda ya kwana a gadonsa. In ya sha kashi mu hau zaginsa. Ba mu yi masa adalci ba.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, lissafinka rabi ne. Nisan da ke tsakanin Katsina da Aba shi ne tsakanin Aba da Katsina. Su ma sai sun zo mana, kuma a gajiye suke isowa filin Muhammadu Dikko. Abin da hanya ta ƙwace mana a waje tana mayar mana da shi a gida.

Ɗan Ƙofar Marusa: Malam, sau ɗaya suke zuwa mana a shekara. Mu kuwa sau nawa muke gangarawa? Enyimba ta Aba in za ta je Fatakwal ko Owerri ko Enugu tafiyar 'yan awoyi ce, ta buga ta koma gida ta kwana. Na yamma su ma haka, Ibadan da Ikenne da Legas duk maƙwabta ne. Mu in ka cire Kano, wa muke da shi kusa? Jos da Bauchi ma wuni ake yi a hanya. Kowa yana da doguwar tafiya, amma ba a raba ta daidai ba.

Kawu Direba: Yaro ya faɗi gaskiya, ku bari wanda ya tsufa bisa sitiyari ya yi maku bayani. Ku masu duba taswira kilomita kuke gani, mu awa muke lissafawa. In ka taso daga Katsina za ka kudu, ko dai ka bi ta Kano ka ƙara nisa, ko ka yanke ta Malumfashi da Funtuwa ka faɗa Zariya. Akwai shekarun da in la'asar ta yi ba mai hankalin da zai bi ta wajen Ƙanƙara da mota cike da mutane. Kenan ba kai ke zaɓen lokacin tashi ba, hanya ke zaɓa maka. Ka wuce Kaduna, ka wuce Abuja, sannan ka fuskanci Lokoja, inda kusan duk motar da ta fito arewa za ta gabas ko kudu maso kudu take matsewa wuri guda. A 2022 da ruwa ya shafe hanya wajen Koton Karfe, kwana da kwanaki motoci suka yi a tsaye. Ƙara da shingayen bincike, ƙara da ramuka, ƙara da tayar da za ta fashe inda babu mai faci. Kuma ba gajiya kaɗai ba ce. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya wasa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A 2021 motar Wikki Tourists ta kama da wuta a Hawan Kibo. Ɗan wasan da ya san wannan, ko an ce ya yi barci cikin mota ba zai iya ba.

Malamin Lissafi: Kawu, Allah ya ƙara girma, ba wanda ya isa ya yi maka gardamar hanya. Amma misalin da ka kawo ni ya taimaka. Pillars ɗin nan da aka harba a 2015, su ne suka ɗauki kofin gasar a 2012 da 2013 da 2014, uku a jere, a kan wannan kwaltar dai da muke kuka da ita. Kano ba ta fi mu kusa da teku da wani abin kirki ba, kusan kilomita 170 ne tsakaninmu. Plateau United ta ɗauka a 2017, ai ta Hawan Kibo take sauka. Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004 daga Aba, garin da ba shi da filin jirgin sama, kuma duk wanda ya san Aba ta wancan lokaci ya san irin titunanta. Sai na baya-bayan nan da ya fi damuna: jihar Akwa Ibom tana da filin wasan da Super Eagles ke buga wasanninta a Uyo, tana da kamfanin jirgin sama nata na kanta, Ibom Air, amma Akwa United da ta ci kofi a 2021 ta faɗa rukunin ƙasa a 2025. In hanya da gini ke buga ƙwallo, ta yaya haka za ta faru? Ni tsorona kada mu miƙa wa masu tafiyar da ƙungiyoyi uzurin da za su fake a bayansa.

Tsohon Gola: Yaya Malam, na tsare raga a ƙaramin rukuni, bari in faɗa maka abin da jiki ke ji. Matsalar ba ranar wasa take farawa ba. In kuna da wasa Lahadi a kudu, kun tashi tun Juma'a. Kun buga, kun kamo hanya Litinin, kun iso Talata. In an sa wasan tsakiyar mako, Laraba kuna fili. Ina atisaye a nan? Koci bai samu kwana biyu cikakku ya gyara kuskuren da ya gani ba. Ƙafa tana kumbura saboda zama, baya yana ƙagewa, abinci kuwa duk abin da aka samu a bakin hanya. Ciwon cinya da ake yawan yi a rabin lokaci na biyu, da yawa daga cikin mota aka taho da shi. A ƙungiyar da na buga, akwai ranar da muka sauka garin da za mu yi wasa ana kiran sallar azahar, ƙarfe huɗu alƙali ya busa. Abin da ya sa muka makara kuwa, kuɗin tafiya ne ba a saki da wuri ba.

Malamin Lissafi: To ka ga ni. Kai da bakinka ka ce kuɗi ne ba a saki ba. Wannan laifin ofis ne, ba na kwalta ba.

Tsohon Gola: Laifin ofis ne, amma nisa ke sa shi ya yi kisa. Ƙungiyar da tafiyarta awa uku ce, ko da safiyar wasa aka ba ta kuɗi za ta isa. Mu jinkirin wuni ɗaya maki uku ne. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin kowace tafiya ya ninka, kasafin da za a sayi ɗan wasa mai kyau da shi yana ƙarewa a gidan mai da masauki.

Ɗan Ƙofar Marusa: Kuma Malam ka tsallake Remo Stars da ta ci kofin 2025. Mai ita, Kunle Soname, shi ke da kamfanin jirgin ValueJet. Ikenne kuma, garin ƙungiyar, tana gefen babbar hanyar Legas zuwa Ibadan.

Malamin Lissafi: Ban tsallake ba. Remo ta gina makarantar renon yara da filinta, ta bar koci ɗaya ya yi shekaru yana aiki. Mu ma muna da filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma mai Max Air ɗan garin nan ne. Jirgi na nan. Tsarin da zai sa ƙungiya a cikinsa duk mako shi ne abin tambaya, kuma wannan magana ce ta shugabanci da kuɗi.

Hajiya ta Daura: Ku yi haƙuri in sa baki, 'ya'yana. Tun ɗazu kuna ta kai ƙungiya kudu kuna dawo da ita, ba wanda ya tambayi yadda mu za mu zo mu gan ta. Sunanta Katsina United, ta jiha ce gaba ɗaya, ƙananan hukumomi 34, da kuɗin kowa ake riƙe ta. Filin nan an ce yana ɗaukar mutum 35,000. Tun farkon shekarun 1990 aka fara shi, ya yi shekaru a yashe muna kiransa Karkanda, sai zamanin Gwamna Shema aka kammala a 2013. Gini ne na alfahari. Amma su wa ke cika shi? 'Yan cikin birni da unguwannin kewaye. Ina da samari a gida da ba su da zance sai ƙwallo. Daura zuwa Katsina kamar kilomita 80 ce, ba nisa ba ne. Amma wasa ƙarfe huɗu ake farawa, a tashi shida, kafin su fito daga cunkoso su sami ɗan acaba zuwa tasha an yi magariba, motocin Daura sun yi ƙaranci, wanda ya rage ya tsawwala kuɗi. Wace uwa ce za ta bar ɗanta a hanya da dare a wannan zamani? Sai in ce su je gidan kallo. Haka yaro zai tashi ya san duk 'yan wasan Arsenal da Madrid, bai san mai tsaron ragar jiharsu ba. Wannan asarar ta fi mini ciwo a kan maki ukun da aka bari a Fatakwal.

Ɗan Funtuwa: Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ku Daura ma kuna da sauƙi. Mu nan Zariya ta fi mana kusa da babban birnin jiharmu nesa ba kusa ba. Ban san wani a unguwarmu da ke zuwa kallon wasa Katsina ya dawo a ranar ba. Kuma ba 'yan kallo kaɗai ake rasawa ba. Akwai yara a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da in suka taɓa ƙwallo sai ka tsaya. Wane mai neman 'yan wasa ne zai shiga can ya gan su? Gasar ƙananan hukumomi da ake tace yara a cikinta ba ta yiwuwa sai ƙungiyar wannan gari ta iya zuwa wancan ta dawo lafiya.

Malamin Lissafi: Wannan kam ban da ta cewa a kanta, Hajiya. Gardamata a kan makin waje take. Zancen 'yan kallo da yaran karkara, hanya da tsaro ne tsagwaronsu.

Ɗan Ƙofar Marusa: Shi ya sa nake sa rai da jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi. An ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021, kilomita 284, zai bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Birnin Katsina bai taɓa samun layin dogo ba, tsohon layin Turawa ta Funtuwa ya bi ya nufi Gusau da Kauran Namoda. In wannan ya fara aiki, samarin Hajiya za su zo su koma. Har 'yan Maraɗi za su iya shigowa kallo, ai 'yan uwa ne.

Kawu Direba: Ga 'yan kallo zai yi amfani, in an sa jirgin da zai tashi bayan an tashi wasa. Ga ƙungiya kau, kada ka yi saurin murna, ɗana. Jirgin zai kai ka Kano. Daga Kano sai an gama na Kaduna, sannan ka haɗe da na Abuja da aka buɗe a 2016. Daga Abuja fa? Sabon layi bai haɗe da Ibadan ba, bai haɗe da Itakpe ba, gabas kuma babu shi. Wato dai a Abuja za ka sauko ka koma mota, Lokoja na nan tana jiranka. Kamar wanda ya haƙa rijiya ne ya rasa guga mai igiyar da za ta kai ruwa.

Tsohon Gola: Ni da za a ji tawa, abin da ke hannun masu shirya gasa ya fi sauri. A kakar 2022/23 an raba ƙungiyoyin gida biyu, goma goma, wasanni suka ragu. Ƙaramin rukuni ma ai arewa da kudu ake raba shi, ta nan muka bi muka dawo Firimiya a 2023 bayan faɗuwar 2022. Ban ce a raba babbar gasa ba, don ɗan wasan da bai taɓa bugawa a Aba ko Ibadan ba bai gama gogewa ba. Amma a tsara jadawali da tausayi: in mun gangara gabas mu buga wasa biyu kafin mu hauro, su ma in sun zo su haɗa Kano da Katsina a tafiya ɗaya.

Malamin Lissafi: Wasa biyu a jere a waje yana nufin mako guda na masauki da abincin mutum kusan talatin. Wa zai biya? Mun dawo kan kuɗi.

Hajiya ta Daura: A bar mini zancen jadawali, wannan na Abuja ne. Ni abin da nake roƙo yana hannun gwamnatin jiha yau ɗin nan. Muna da motocin KTSTA, hukumar sufuri ta jiha. A ware bas biyu ranar wasan gida, ɗaya ta Daura da Mashi, ɗaya ta Dutsinma ko Kankiya, ta ɗauki yara da tikitinsu, ta jira su a ƙofar fili, ana busa tashi ta juyo da su kafin duhu ya yi nisa. An iya gina gadar ƙasa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, wannan bai kai kuɗin fentinsu ba. Kawu, kai ka san harkar, direbobi za su yarda su yi irin wannan lodi?

Kawu Direba: Za su yarda, Hajiya, in an tabbatar masu da cikon kujeru zuwa da dawowa. Ta Daura ba ta da matsala. Ta Dutsinma sai dai in an matso da wasan ƙarfe uku, kuma da zafin Afrilu ban san ɗan wasan da zai gode maki ba.

Ɗan Funtuwa: Mu fa, Kawu? Ko an fara ƙarfe uku ba mu isa gida da haske.

Kawu Direba: Ku sai dai a kawo maku ƙungiyar, ko wasan sada zumunta ne kafin a fara kaka, a buga shi nan Funtuwa.