Shin wanda ya tsere daga hannun hukuma ya cancanci ƙarin ɗauri?

Ɗalibar shari'a: Assalamu alaikum. A Jamus, idan fursuna ya tsere shi kaɗai, kotu ba ta ƙara masa wa'adi saboda gudun, domin suna ganin son 'yanci ɗabi'ar ɗan Adam ce. Ina ganin ya kamata Nijeriya ta bi wannan.

Lauya: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Rabin zancen kika kawo. Idan an kamo shi zai ƙarasa ɗaurinsa, kuma duk ƙofar da ya fasa ko gandiroban da ya buga, za a tuhume shi a kai. Sashe na 113 na dokar laifukansu ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3 ga mai turjiya ga jami'i da ƙarfi, sashe na 121 kuma shekara 5 ga fursunonin da suka haɗa kai suka ɓalle da ƙarfi. A nan gida, sashe na 135 na dokar laifuka ta kudu ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 7 ga wanda ya tsere, Final Kod, wato dokar laifuka ta arewa, ita ma ta mai da gudun laifi.

Tsohon sufeto: 'Yata, na yi shekara 35 a aikin nan. Na ga daren da wani da ake zargi ya roƙi a kai shi bayan gida ya haura katanga, kashegari kofur ɗin da ya tausaya masa shi aka tuɓe wa bel aka kulle a ɗakin da wancan ya bari. Ki tuna gidan yarin Kuje da ke Abuja, ranar 5 ga Yulin 2022, inda fiye da mutum 800 suka fice. Da wane ido za a ce musu ba su yi laifi ba?

Ɗalibar shari'a: Baba, na ji zafin abin da ya sami kofur ɗin. Amma Kuje hari ne da bama-bamai wanda ISWAP ta ɗauki alhakinsa, ko a Jamus ba za a yafe shi ba. Abin da ke damuna shi ne kusan kashi biyu bisa uku na mazauna gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, alhali sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Wata uwa: Lauya, ƙanena aka zo kamawa a madadin ɗansa, ya fizge hannunsa ya ruga babu ko takalmi. Shi ma mai laifi ne?

Lauya: Hajiya, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, kuma laifin tserewa ba ya tabbata sai tsarewar ta kasance bisa doka. Duk da haka ba zan ba kowa shawarar gudu ba, domin tsarin mulki ya yarda a yi amfani da ƙarfin da ya dace wajen hana tserewa, kuma a cikin duhu babu alƙalin da zai tsaya tsakanin mai gudu da harsashi. Ki sa shi ya je ofishin jami'an da suka zo kama shi gobe da safe tare da lauya.