Wa ya taɓa fassara tambarin sarauta zuwa Urdu?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa da suka zauna Pakistan ko Indiya. An ba ni bayanin tambarin wani gidan sarauta, wato zanen alamar gidan, in mayar da shi Urdu, na tsaya cak. Wa ya taɓa karo da irin wannan?

Tsohon ɗalibi a Islamabad: Wa alaikumus salam. Ni a bangon fasfon abokin ɗakina na koya. Ya ɗora yatsa kan tambarin Pakistan yana nuna mini: tambarin gaba ɗaya nishan, garkuwar tsakiya dhal, jinjirin wata da tauraro chand tara, furannin da suka kewaye chambeli. An raba garkuwar huɗu: auduga, alkama, ganyen shayi, da patsan, tsiron da ake saƙa buhu da zarensa. Da ya zo kan patsan sai ya ɗan yi shiru, ya ce amfanin gonar Gabashin Pakistan ne, tun 1954 aka sa shi, gabas ɗin kuma ta zama Bangladesh a 1971. A ƙasa an rubuta iman, ittihad, nazm, wato imani, haɗin kai, tsari.

Wanda ya yi karatu a Lucknow: Malam, ka yi hattara da kifi. Tsofaffin ƙofofin garin cike suke da kifaye bibbiyu suna fuskantar juna. Na nuna ɗaya na ce machhli, wato kifi, wani dattijo mai shago ya girgiza kai, ya ce machhli na kasuwa ne, wannan mahi ne. Ya zaunar da ni kan benci ya bayyana mini mahi maratib: kan kifi a bisa doguwar sanda, wanda sarakunan Mugal da suka mulki Indiya ke ba manyan fadawa, a riƙe shi ranar hawa. Sarakunan Awadh, masarautar da ta mulki Lucknow, suka mayar da shi alamarsu, har yau kifayen suna cikin hatimin jihar Uttar Pradesh inda garin yake. A ganina, tsohuwar kalmar Farisanci, mahi, ta fi riƙe martabar abin, kada ka bar ta.

Wata 'yar uwa daga Lahore: Yayana, in ƙara maka kaɗan. Hatimi muhr ne, sunan sarki da aka sarƙe da rubutun ado kuma tughra. Tutar ƙasa parcham muka fi ji. Alam ita ma tuta ce, amma a watan Muharram na fi jin ta.

Mai tambaya: Allah ya saka. Tambarin da aka ba ni akwai kambi a samansa.

Tsohon ɗalibi a Islamabad: Taj ke nan.