Hilux na tafasa a hawan Buza, a kwalta kuma lafiya lau

Assalamu alaikum. Masu sanin inji, ku taimaka mini.

Hilux ce mai gazuwal, ina ɗaukar buhun aya takwas daga Maraɗi zuwa kasuwar Buza. Daga nan har Gidan Rumji zuwa Madawa allurar zafi ba ta wuce tsakiya. Amma da an bar Madawa an fara hawan duwatsun Adar a giya ta biyu, cikin minti goma sai ta kai ja, ruwa ya riƙa tsiyaya ta bututun rarar lagireto. In aka gangara sai ta sauka da kanta.

An wanke lagireto ciki da waje, an sa sabon murfi, an ɗaure fambel. Makanike ya cire tamostat (wanda ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi), abin da ban so ba, kuma bai canja komai ba. Man inji bai yi fari ba, salansa ba ta farin hayaƙi, ruwa ba ya kumfa da safe. Abin da ya dame ni: ko inji ya ɗau zafi, ba na jin gurnanin fanka.

Kafin a kwance kan inji, yaya zan tabbatar ko kulocin fankar, wato abin da ke sa fanka ta ƙara gudu in inji ya ɗau zafi, shi ne ya mutu?