Naman layya daga gidan maƙwabci: kuna ci ko kuna bayarwa?

Maman Biyu, Mabera:
Salama gare ku 'yan'uwa. Maganar nan ta taso a zumuntar mata ta cocinmu, aka tashi ba a daidaita ba. Duk Babbar Sallah, idan an sauke ragunan da suka kwana a gefen wuta, yaran unguwa kan shigo mana da nama, wannan cinya, wancan haƙarƙari. Mu dai muna karɓa mu ci. Wata 'yar'uwa kuwa ta ce don kunya take karɓa, amma ba ya shiga tukunyarta, almajirai take ba wa, wai naman hadaya ne. Kowa ya faɗa mana yadda yake yi a gidansa da abin da aka koya masa. Don Allah ban da gori.

Ɗan Zuru:
Mama, a gidanmu ba a ci. Ba dokar ikilisiyarmu ba ce, matsayin babana ne, ni ma a kansa nake. Tsire da kilishi da naman suna duk muna ci, ai Bulus ya ce a ci abin da ake sayarwa a kasuwa ba tare da bincike ba, 1 Korintiyawa 10:25. Amma a aya ta 28 ya ce idan aka gaya maka an miƙa shi hadaya, ka bari. Layya ibada ce, mai yin ta ma bai ɓoye ba. Mu kuma Ibraniyawa 10 ta ce hadayar Almasihu sau ɗaya ce, ta gama komai. Babana kan yi godiya, ya ba yaron da aka aiko tukuici, naman kuma ya wuce gidan da ba su yi yanka ba. Ba mu taɓa samun saɓani da kowa a kan haka ba.

Tsohon katikis, Gawon Nama:
Ɗana, ka karanta surar daga sama. Bulus yana magana ne a kan haikalin gumakan Korinti. Alhajin da muke katanga ɗaya da shi ba wa gunki yake yanka ba, da sunan Allahn Ibrahim yake sa wuƙa, yana tuna ragon da aka fanshi ɗan Ibrahim da shi. Mu muna cewa Ishaku ne, su suna cewa Isma'ila, amma labarin ragon yana nan a Farawa 22. Mu Katolika an sauƙaƙa mana wannan tun babban taron Vatican na biyu. Takardar Lumen Gentium ta 1964 ta ce shirin ceto ya haɗa da masu shaida Mahalicci, ta sa Musulmi a sahun gaba, ta ce tare da mu suke bauta wa Allah ɗaya mai jinƙai. Nostra Aetate ta 1965 ta ƙara da cewa ikilisiya tana ganin girmansu, ta ambaci sallarsu da azuminsu da sadakarsu.
Kada a ce na ce duk ɗaya ne. Malaman tauhidi sun kasu: masu cewa ba mai samun ceto sai wanda ya shaida Yesu da bakinsa; masu cewa ceto ta wurin Yesu ne kaɗai amma alherinsa na iya kai wa wanda bai san shi ba, irin su Karl Rahner; sai irin su John Hick da ke ganin kowane addini hanya ce mai kai wa. Na ƙarshen nan Roma ta ƙi shi a takardar Dominus Iesus ta 2000, ni ma ban taɓa jin ya shige ni ba. A tsakiya nake, kuma a tsakiyar nan nake soya namana.

Malamar firamare, Arkilla:
Baba Katikis, ni ban san takardun nan ba. A watan Mayu na 2022, da aka kashe ɗalibar nan Kirista, Deborah Samuel, a nan Sakkwato, gari ya rikice har aka sa dokar hana fita, maigidana yana tafiya. Hajiyar da ke kallon ƙofarmu ta shigo da kanta ta kwashe ni da yara zuwa ɗakinta, ta ce wanda zai taɓa mu sai ya fara ta kanta. Wata biyu bayan haka Sallah ta zo, ta aiko da soye a kwano. A lokacin wasu a cocinmu zuciya ta yi zafi, suna cewa kada a karɓi komai daga hannun kowa. Na ci, na ba yarana. Wanda zai ce na yi zunubi ya fara gaya mini inda yake a daren nan.

Maƙwabcinku Musulmi, Kanwuri:
Ku yi haƙuri in sa baki. Mu ma wajenmu maganag ga ba a kai ɗaya take ba. Littattafan Malikiyya da munka karanta a zaure sun karhanta ba wanda ba Musulmi ba naman layya, wasu malamai kuma sun halatta, suna kafa hujja da aya ta 8 a Suratul Mumtahana da haƙƙin maƙwabtaka. To in kun ga nama ya iso gidanku, ku sani mai aikowa shi ma ya zaɓi ɓangare ne. Ni ina aikawa. In an ci madalla, in an bayar ma ban jin zafi, mayar mini da kwano da namansa a ciki ne kawai zai yi mini ciwo.

Fasto, Tudun Wada:
Mun gode, Malam, wannan ban san da ita ba. Ni ina ci, kuma ran Lahadi in hau bagade in karanta Yohanna 14:6, inda Yesu ya ce ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurinsa, ba tare da na rage ko harafi ba. Ban ga inda ɗaya ya ture ɗaya ba. Bitrus ya shiga gidan Karniliyus, ya dawo 'yan'uwa a Urushalima suna tuhumarsa da cin abinci da marasa kaciya, sai da ya yi musu bayani daki-daki. Abin da nake gaya wa membobina shi ne Romawa 14: mai ci kada ya rena marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Ɗan Zuru da Baba Katikis duk suna da wuri a nan.
Inda nake shan tambaya ma shi ne Kirsimeti. Idan mun yi watanda, mahauci Musulmi muke kira ya yanka saniyar, don maƙwabta su ci hankali kwance. Matasa na cewa me ya sa kullum mu ne masu sassautawa.

Ɗan Zuru:
Fasto, ni ma ina cikin masu tambayar. Malam, ba Suratul Ma'ida ce ta halatta muku abincin Ahlul Kitabi ba? In babana ya yanka kaza da hannunsa ya aiko maka, za ka ci?

Maƙwabcinku Musulmi, Kanwuri:
Aya ta 5, haka take. Ni zan ci in yanka ya yi, ba maƙurewa ba. Uwargida ce dai sai na sha fama da ita.