Motar asibiti ta zo amma direba ne kaɗai a ciki, haka tsarin yake?

Ɗan Ƙauye: Salam jama'a. Dan Allah ma'aikatan lafiya na gidan nan ku fahimtar da ni. Satin da ya wuce matar yayana ta haihu cikin dare a asibitin ƙauyenmu nan ɓangaren Dukku, jini ya ɓalle mata, malamar da ke duti ta yi mata allura ta sa ruwa ta ce a wuce da ita babban asibiti. Mota ta zo amma direba ne kawai, ba nas ba kowa, ni na riƙe ledar ruwan da hannuna ina haska fuskarta da tocilar waya har muka isa, wlh ban taɓa jin tsoro irin na daren nan ba. Alhamdulillah ta tashi. Shin ba dole ba ne a haɗa mara lafiya da ma'aikaci?

Malamar Asibiti: Wa alaikassalam ɗan'uwa, Allah ya ƙara mata lafiya. Ƙa'ida kam a bi ta da ma'aikaci. Amma ka tambaya su nawa ne a dutin? Ni nan inda nake ni kaɗai nake kwana, in na shiga mota na bi mutum ɗaya to sai na kulle asibitin, wata mai naƙuda ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Kuma yawancinmu a ƙauye ma'aikatan lafiyar al'umma ne, wasu shekara 3 suka yi a makaranta irin ta Kaltungo, ƙananan kuma shekara 2. An koya mana awo da rigakafi da karɓar haihuwa mai sauƙi, amma riƙe ran mutum a cikin mota tana gudu a hanya mai ramuka karatu ne daban. Ungozoma mai takarda kuwa ana turo ta, wata biyu ta nemi canji ta koma Gombe, ba gidan kwana ba wuta, ko firjin ajiye allurar tsayar da jini sai da sola.

Direban Tasha: Hajiya gaskiya kika faɗa. Mu ma 'yan ƙungiyar direbobi an taɓa tara mu aka koya mana alamomin haɗari na mai ciki da yadda ake kwantar da ita a mota, ya yi amfani sosai, amma fa tuƙi na sani, in numfashinta ya tsaya a hanya me zan yi?

Ɗan Balanga: Mu damuwarmu kububuwa ce lokacin girbi. Kafin a kai mutum asibitin saran maciji na Kaltungo an ɗaure ƙafar tamau an tsattsaga wajen da reza, jini ya ƙi tsayawa.

Malamar Asibiti: Dan Allah ku daina ɗauri da tsaga, a hana ƙafar motsi a ɗauko shi da gaggawa. Ɗan Ƙauye kai kuma ku tara kwamitin lafiya na gundumarku ku je wajen kansila da hakimi, ku nemi a ƙaro ma'aikaci na biyu a dutin dare, kuma 'ya'yan garinku mata ku tura su makarantar ungozoma, su ne za su zauna.