Shawara nake nema: darasin Masar da ƙasar Dajla da Furat

Sabuwar malama: Assalamu alaikum malamaina. An ba ni aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma mun kai darasin al'ummomin farko da suka kafu a bakin koguna: Masar, ƙasar tsakanin Dajla da Furat, kwarin Indus da Rawayan Kogi na Sin. Yaran sun haddace sunayen tsaf, amma da na tambaye su me ya sa duk a bakin ruwa, sai aji ya yi tsit. Ba wuta, ba majigi. Ku taimaka min.

Tsohon hedimasta: Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye taswirar tukuna. Tambaye su wa ya taɓa ganin jigo a lambu. Da irinsa manoman tsohuwar Masar suke ɗebo ruwan Nilu, har zanensa yana nan a bangon kaburburan Masarawa. Ki ba su labarin yadda a wancan zamani ruwan damina ke gangarowa daga tsaunukan Habasha, kogi ya tumbatsa, ya janye ya bar baƙar laka. Masarawa da kansu Kemet suke kiran ƙasarsu, wato baƙar ƙasa. Ɗan da ubansa ke noman fadama zai riga ki ƙarasa bayanin. Daga nan sai ki ja su a hankali: hatsi ya yi rara, an zuba a rumbu, to wa zai tsare, wa zai ƙirga, wa zai raba rigimar ruwa? Da bakinsu za su ambato sarki da haraji da magatakarda.

Malamin Islamiyya: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Malama, ki haɗa da ƙissar Annabi Yusuf (AS), shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari, da shawarar a bar hatsi cikin zangarniyarsa. Sun san ta tun a gida. Babila ma, birnin ƙasar Dajla da Furat, an ambace ta a Baƙara, aya ta 102. Roƙona kawai, kada a laƙa wa ƙissar wata shekara.

Malama daga Hadeja: Ƙanwata, nemi yumɓu wajen masu ginin tukwane. Kowane yaro ya mulmula ɗan faifai, ya fere kara, ya danna alamar buhu biyar, akuya uku. Haka rubutu ya faro a Uruk, wani birni a ƙasar Dajla da Furat, wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yawancinsa lissafin sha'ir da dabbobi ne. Ki kuma nuna musu agogo, minti 60 ɗin nan daga ƙirgan mutanen can ya samo asali. Abu ɗaya: zancen ambaliya a bi shi da taushi. A wajenmu akwai yaran da ruwa ya ci gidajensu, ranar da na yi bayanin ɓarnar Rawayan Kogi wata yarinya kuka ta yi.

Malamin lissafi: Ni a ganina huɗu sun yi yawa. A tsaya kan biyu a yi su da kyau.

Malama daga Hadeja: Malam, ban yarda a jefar da Indus ba. Mohenjo-daro, a Pakistan ta yau, tana da tituna a miƙe, gidajen ƙonannen tubali da rufaffun magudanan ruwa tun wajen 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na sa yarana su kwatanta da kwatamin unguwarsu, sai da aka buga ƙararrawa suna musu. Da suka ji har yau ba wanda ya iya karanta rubutun mutanen, uku suka ce su za su karanta.

Ɗan'uwa daga Sudan: Don Allah a faɗa musu Nilu ba na Masar kaɗai ba ne. A nan akwai Karma, daular da ta yi zamani da Fir'aunoni, kuma katafaren gininta na tubalin laka yana tsaye har yanzu.

Sabuwar malama: Allah Ya saka da alheri. Yaya, yumɓun a gasa shi ko a shanya?

Malama daga Hadeja: Shanya shi a inuwa kwana biyu, rana tana tsattsaga shi.