Neman kalma: me za mu kira "tampering with evidence" da Hausa?

Mai Shirin Shari'a: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 8 na safe za a sa shirina a rediyo, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini. Shari'a ce ta jihar Ohio a Amurka, wadda Kotun Ƙolin jihar ta yanke a 2014. 'Yan sanda sun tsayar da wata mata saboda yadda take tuƙi, suna zargin ta sha giya. Ta ce fitsari ya matse ta, ta koma jikin wani gini ta tsuguna. Da ta tashi, jami'i ya duba wurin ya tarar da ƙullin hodar iblis a leda. Aka same ta da laifin safara, da na mallakar ƙwaya, da wannan na ukun, wato "tampering with evidence". Ta ɗaukaka ƙara, aka soke na ukun, domin binciken da ake yi mata a lokacin na tuƙi ne, ba na ƙwaya ba. Yaya zan kira laifin? Na rubuta "lalata shaida" amma bai kwanta mini ba.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Bar "shaida" tukuna. Mai sauraro zai ɗauka mutum ne aka saye ko aka tsorata. "Hujja" ta fi. "Ɓoye hujja".

Barista: Hajiya ta yi gaskiya kan shaida. Amma dokar Ohio ɗin abu huɗu ta haɗa: sauya abu, lalata shi, ɓoye shi, ko kawar da shi, da nufin kada ya yi amfani a binciken da mutum ya san ana yi ko ana dab da farawa. "Ɓoyewa" ɗaya kawai ta kama. Wanda ya haɗiye ƙullin, da wanda ya zuba shi a masai, da wanda ya goge saƙonnin waya, duk laifi ɗaya ne.

Sannan ƙanwata, gyara "mallakar ƙwaya". Mallaka na nufin kayanka ne. Doka ba ruwanta da mai kaya. Ko ajiya aka ba ka, muddin ka san abin da ke ciki, ka shiga. A nan gida ma dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis da saninsa. Idan muka riƙa cewa "mallaka", yaro zai zaci ɗaukar saƙon aboki ba komai ba ne. Ki ce "an same ta da ƙwaya".

Ɗan Tasha: Mu dai a wajenmu "ɓad da sawu" muke cewa. Kowa ya gane.

Malamin Hausa: Ni abin da ke damuna shi ne, duk lokacin da muka rasa kalma sai mu ruga Larabci. Hujja aro ce, shaida aro ce. Muna da "madogara", daga dogara, abin da mai ƙara ke dogaro da shi a gaban alƙali. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "gurɓata madogara". Gurɓatawa ta haɗa sauyawa da lalatawa gaba ɗaya. Wannan ita ce Hausa tsantsa.

Uwar Biyu: Malam, da girmanka, matar nan yar da leda ta yi. Me ta gurɓata?

Malamin Hausa: Ta gurɓata binciken.

Barista: Ai kotu cewa ta yi ba ta taɓa binciken ba, shi ya sa ta ci afil ɗin.

Malamin Hausa: Kun gani ko! "Afil". Lauya guda, ga "ɗaukaka ƙara" a bakin kowa, amma sai ya ɗauko Turanci. Haka harshe ke mutuwa muna kallo.

Barista: Malam, ka je harabar kowace kotu a Kano ka saurara. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta ce maka "za mu yi afil". Alƙalin da ka ambata ma daga Larabci yake, kotu da lauya daga Turanci. In za mu kori baƙi, da me za mu yi shari'ar?

Basakkwace: To ga ta nan kuma, Kano. Ba duk abin da aka faɗa a Kano ne ya zama Hausar kowa ba. Rediyon nan har Maraɗi ana jin sa.

Ɗan Tasha: Daidaitacciyar Hausa dai an san inda aka ɗauko ta.

Basakkwace: An kuma san inda aka fi rubuta waƙoƙi da ajami tun kafin zuwan boko.

Mai Shirin Shari'a: Don Allah iyayena, dare na yi, kuma sai na naɗi muryar kafin in kwanta. Abin da Ɗan Tasha ya faɗa ya tsaya mini a rai. "Ɓad da sawu" ya yi faɗi, ɓarawon da ya canza hanya ma ɓad da sawu ya yi. Amma in na ɗauki rabinsa na haɗa da na Hajiya fa? "Ɓad da hujja".

Uwar Biyu: Ya yi daɗin faɗa. Ni na yarda.

Barista: Ya kama ɓoyewa, da kawarwa, da lalatawa. Bai kama wanda ya sauya lamba a takarda ba. Na shirin gobe zai wadatar, da sharaɗin ki bi shi da jimla ɗaya ta bayani, ki kuma ambaci cewa sai mutum ya san da binciken, kuma abin da ya ɓad ɗin ya shafi wannan binciken. A kan wannan gaɓar aka soke hukuncin. Amma ba zan sa shi a fassarar doka ba.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba. Ki sa abin da kika ga dama, 'yata, shirinki ne. Ni a ajina madogara zan ci gaba da koyarwa.

Mai Shirin Shari'a: Na gode ƙwarai, Malam. Zan ce "laifin ɓad da hujja", da "samun ta da ƙwaya", da "ɗaukaka ƙara". Barista, turo mini jimlar bayanin yadda kake so ta fito, kafin ƙarfe 11.